Tsohon Agogon Bango: A Duba Kafin a Ba 'Yan Gwangwan

MAIDUGURI: Galibin mutanenmu mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, idan za su zo ganin gida, ba su rasa agogon bango mai batir a cikin tsaraba. Ranar da aka rataye sabon, ran nan ne akan sauke tsohon, watau dogon nan mai gidan katako da ƙarfen lilo wanda kaka ya bari, a jefa shi ɗakin tarkace. Daga can kuma sai hannun 'yan gwangwan, a auna shi a sikeli kamar tsohuwar tukunya. To, jama'a, akwai hasara a nan.

Barno ba baƙuwar agogo ba ce. A cikin shekara ta 1870 wani likita Bajamushe, Gustav Nachtigal, wanda ake kira Idris Efendi, ya iso Kukawa ta hanyar Tarabulus da kyautar Sarkin Prussia, Wilhelm, zuwa ga Shehu Umar ɗan Shehu Laminu, domin godiya bisa ga karimcin da ya yi wa matafiya Jamusawa. A cikin kayan akwai kujerar sarauta, da bindigogi, da agogo mai lilo. Rabe ya ci Kukawa a 1893, dukiyar fada ta watse. Wancan aikin yaƙi ne. Amma abin da ke watsa irin waɗannan kaya a Yerwa yau, sakaci ne kawai.

Shi agogo mai nauyi ba ya bukatar batir ko sifirin. Wani curin dalma ko ƙarfe ne ake ratayewa da sarƙa ko tsirkiya. Yayin da yake sauka sannu sannu, sai ya riƙa juya 'yan faya-fayan tagulla masu haƙora, shi kuwa lilo yana sakin haƙori ɗaya ɗaya. Idan curin biyu ne, to ɗaya na tafiyar lokaci ne, ɗaya na buga ƙararrawa. Wani akan ja nauyinsa sama kullum, wani sai bayan kwana 8. Fifikonsa a kan mai sifirin shi ne, ƙarfin nauyi ba ya raguwa daga ranar da aka ba shi wani har ranar da ya sauka ƙasa. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, shi ya fara haɗa agogo da lilo a 1656.

Masu tara irin waɗannan agogo a Turai da Amurka ba fentin gida suke fara dubawa ba, bayan injin suke leƙawa, domin a nan ne maƙeri yakan buga tambarinsa. Wanda ya ga ƙugiyar jirgin ruwa da haruffan G.B., to aikin Gustav Becker ne, wanda ya kafa masana'antarsa a Freiburg ta Silesiya wajen 1850. Garin yana cikin Poland yanzu. Tauraro mai tsini 8 da harafin J na kamfanin Junghans ne, wanda aka kafa a Schramberg ta Jamus a 1861. Sunan Seth Thomas kuwa na Amurka ne, ya fara sana'ar kansa a jihar Connecticut a 1813, agogonsa kuma sun yi suna a tashoshin jirgin ƙasa da makarantu. Sau da yawa akwai lamba kusa da tambarin, da ita ce masana suke gane shekarun da aka ƙera shi.

Saboda haka babbar ɓarna ita ce a cire injin a sa na batir a gurbinsa. An raba agogon da asalinsa ke nan, saura akwati.

Yawancin abin da ake kira mutuwar agogo ba mutuwa ba ce. Ƙurar hunturu takan haɗu da tsohon mai ta daskare, sai ya tsaya. Wanki yake so a wurin mai gyara, ba a tsiyaya masa man keken ɗinki ba. Zafin bazarar Maiduguri, wanda yakan wuce awo 40, yana ƙara wa sandar lilo ta ƙarfe tsawo, agogo ya riƙa latti. Maganinsa a ɗan murɗa notin da ke ƙarƙashin lilon zuwa sama. In kuwa an rataye shi a karkace, zai yi ɗingishi ya tsaya. Kafin a ɗaga shi daga bango, lalle a fara cire nauyin da lilon.

Ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba 2024 ta shiga gidaje masu yawa a birnin nan, har da fadar Shehu. Katakon da ya sha ruwa yana iya kumbura ya tsage, amma tagulla ba ta ruɓewa. Sau da yawa injin yakan tashi in an wanke shi.

Don haka wanda ke da irinsa a gidansu, ya aika a ɗauki hoton tambarin da lambar, a kuma tambayi dattawan gida wa ya saye shi, a wane kanti, ko kuwa tsarabar Makka ce, a rubuta a ajiye cikin akwatin tun masu sanin suna da rai. Sabon agogo ya zauna a falo, ba laifi. Amma da tsohuwar zuma ake magani.