Hannu Biyu, Ƙwaƙwalwa Ɗaya: Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Maganar da ta yaɗu cewa ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa hannun dama, na dama kuma yake sarrafa na hagu, gaskiya ce, domin yawancin jijiyoyin da ke ɗauke da umarnin motsi suna tsallakawa zuwa ɗaya ɓarin a gindin ƙwaƙwalwa kafin su gangara cikin laka, kuma shi ya sa wanda hanyar jini ta toshe masa a ɓarin hagu yake shanyewa ta dama.

Kuskuren yana cikin zaton da aka ɗora a kan wannan, wai kowane ɓari cin gashin kansa yake yi. A tsakaninsu akwai gadar jijiyoyi kimanin miliyan 200, wadda likitoci ke kira kofus kalosum, kuma aikinta bai tsaya ga isar da saƙo ba, har da hana hannu ɗaya kwaikwayon ɗan'uwansa. Irin wannan hani ne ke bai wa makaɗin kalangu damar kiɗa da hannu ɗaya alhali ɗayan yana matse igiyoyin gangar, rashin ƙosawarsa kuwa shi ke sa yatsun hagu na ƙaramin yaro su riƙa motsi idan yana fama da aiki mai wuya da dama, abin da yakan ragu wajen shekara 10. A shekarun 1960 likitoci a Amurka sun yanke wannan gada domin sauƙaƙa wa masu matsananciyar farfaɗiya, kuma nazarin waɗannan majinyata ya kai Roger Sperry ga lambar Nobel a 1981. Daga baya aka gano abin mamaki: majinyatan sun fi mai lafiya iya zana siffofi biyu mabambanta a lokaci guda, kowane hannu da tasa, amma koyon sabon aikin da ke buƙatar haɗin kan hannaye yana ba su wuya.

Raba mutane gida biyu, masu lissafi 'yan ɓarin hagu da masu fasaha 'yan ɓarin dama, ba shi da tushe, don binciken Jami'ar Utah na 2013 a kan hotunan ƙwaƙwalwar mutane fiye da 1,000 bai ga alamarsa ba. Haka nan horar da hannun hagu yana ƙara ƙwarewa ne a aikin da aka maimaita, babu hujjar cewa yana ƙara basira. Mafi cutarwa ita ce jita-jitar da ke ɗaukar bahago a matsayin mai naƙasa, har a riƙa dukan yaro kan rubutu da hagu, alhali kusan mutum ɗaya cikin 10 a duniya bahago ne, kuma ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take.