Jami'o'inmu da Yaƙi da Zambar Intanet

Ɓarawon da sai ya haura katanga ko ya fasa shago. Na yanzu kuwa daga ɗakinsa yakan aiko wa mutum saƙo a waya da sunan banki, ya nemi lambar sirri, kafin gari ya waye ya kwashe abin da aka yi shekaru ana tarawa.

Saboda haka ne a shekarar 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar Hana Laifuffukan Intanet, aka kuma yi mata gyara a 2024. Amma doka ba ta kama mai laifi da kanta. Wajibi ne a sami masani wanda zai bi sawun kuɗi daga wannan asusu zuwa wancan, ya kuma fito da shaida daga cikin waya ba tare da ta lalace ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi bayanin da ya fito daga kwamfuta, muddin an nuna cewa na'urar tana aiki daidai.

A nan ne jami'o'i suke shigowa. Dokar 2015 ta ɗora wa majalisar ba da shawara da ta kafa nauyin tsara tallafi ga manyan makarantu, domin su buɗe cibiyoyin binciken tsaron kwamfuta, su horar da ɗalibai masu neman babban digiri. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da sashe musamman na wannan fanni, kuma asusun TETFund yana ba malaman jami'a kuɗin bincike.

Amfanin haɗin gwiwar a fili yake. 'Yan sanda da hukumar EFCC suna da ƙararraki, jami'a tana da masana da ɗakunan gwaji. Idan aka tara saƙonnin zamba masu yawa aka gwada su, sai a gane salon masu aikowa, bankuna su toshe hanyar tun kafin a cuci wani.

Jama'a ma suna da nasu aikin. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, kada a bayar. Wanda aka zambata kada kunya ta sa ya yi shiru, kada kuma ya goge saƙon. Ya sanar da bankinsa nan da nan, sa'an nan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Saƙon nan da ya adana shi ne shaida a kotu, shi ne kuma abin da masu bincike za su yi aiki da shi.