Kukan Uwa Da Alƙalai Ba Su Ji Ba

'Yan uwana mata, kun kalli fim ɗin Arrival na 2016? Amy Adams ce ta fito a Louise, malamar harsuna da ta koyi yaren wasu halittu da suka sauko daga sararin samaniya. Yaren ya nuna mata gobenta: za ta haifi 'ya, 'yar ta rasu da ƙuruciyarta, miji ya tafi. Ta sani sarai, amma ta haife ta. Allah sarki uwa!

A gasar Oscar ta 2017 a Amurka, fim ɗin ya shiga takara fanni 8, amma sunan Amy babu cikin jarumai mata. Kyauta ɗaya tak ya ci, ta gyaran sauti. Kash! Alƙalai sun ji ƙarar jirgi, ba su ji kukan uwa ba.