SANA'AR HANNU: ABIN DA KE HANA ALWATIKA ZAMA DAIDAI A ƊINKIN ƘYALLAYE

Yau filin namu zai duba wata matsala da ke damun ɗalibai masu harhaɗa ragowar ƙyallayen atamfa da shadda su yi zanin gado, ko rigar filo, ko labule. Kin yanka ƙyallayenki masu kusurwa uku, wato alwatika, kin haɗa, sai ki ga tsinin ya ɓace cikin ɗinki, ko kuma wani gefe ya fi wani tsawo. Ga yadi ya tafi, ga wadda ta ba ki aikin kayan ɗakin 'yarta tana jira.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. In kin taɓa kallon hawan Sallah, ki tuna da 'yan lifidi: rigar dokin nan da ake cusa wa auduga, sau da yawa da ƙananan alwatika masu launi daban-daban ake haɗa ta, kuma da allura da zare magabata suka yi, ba keke.

Tushen matsalar shi ne rarar ɗinki, wato ɗan bakin yadin da ke shigewa ciki bayan an ɗinke. A wannan aiki kwatan inci (1/4) ake bari, kuma tilas ya zama ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Kada ki raina ɗan saɓani. In kowane haɗi ya ci 1/8 na inci fiye da ƙa'ida, to layi mai haɗi 8 ya rasa inci guda cur, ba yadda za a yi ya zauna da ɗan'uwansa. Maganinsa, ki auna kwatan inci daga allurar keke zuwa dama, ki manna ɗan kwali a wajen, bakin yadi ya riƙa bin jikinsa. Mai ɗinkin hannu ta ja layi da alli ko guntun sabulu.

To amma alwatika tana da nata hali. Murabba'i mai inci 4, in kin yanka 4 da rabi ya isa, domin kwata nan, kwata can. Amma in alwatika biyu ne za su haɗu su ba da wannan murabba'in, rabin inci ba zai isa ba, saboda ɗinkin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa shi ma yana cin nasa rabon, kusan 3/8. Don haka 7/8 ake ƙarawa, a yanka 4 da 7/8. Ni dai shawarata, ki bar wahalar neman 7/8 a jikin tef. Yanka inci 5, bayan kin ɗinke ki rage shi ya dawo 4 da rabi. Ragewa tana da sauƙi, ƙari kuwa babu hali.

Sai maganar miƙewa. Ɗauki ƙyalle ki ja shi ta tsaye, ba zai biyo ki ba. Ja shi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, za ki ga yana miƙewa kamar roba. Dogon gefen alwatika a kan wannan karkacen yake, shi ya sa yake tsawo a hannun mai jan yadi. Dabarar ita ce kada ki yanka tukuna. Ki kifa murabba'i biyu fuska da fuska, ki ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ki yi ɗinki kwatan inci a dama da layin, ki sake yi a hagu, sa'annan ki bi layin da almakashi. Kin sami haɗi biyu ke nan, yadi bai miƙe ba. Wajen guga ma, dutsen gawayin nan ɗora shi za ki yi ki ɗaga, ban da gogawa gaba da baya.

Game da tsini kuwa, bayan kin haɗa alwatika ki duba: ya kamata tsinin ya tsaya kwatan inci kafin bakin yadi. Ba kuskure ba ne, wurin ɗinki na gaba ne. Lokacin haɗa layi da layi, ki soke fil daidai kan tsinin nan, ya fita ta tsinin ɗayan, allura ta bi ta gefensa kaɗan ta wajen baki. 'Yan kunnuwan da ke leƙowa a kusurwa ki datse su don kada wurin ya yi tudu.

Abu ɗaya da na ga ana yawan mantawa: ƙyallen da kika tsinto wajen tela a kasuwar Dambatta ko Bichi, da wanda aka yanko sabo daga Kantin Kwari, da tsohon zaninki, ba tare suke shan ruwa ba. Sabon yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, wani kuma yana zuba. Ki wanke su duka, jan daban, farin daban, ki shanya ki goge kafin ki sa almakashi.