Kalmar Sirri Ɗaya Ga Duk Shafukanka: Yadda Ake Girka Sabar SSO

Ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba, ga rubutun shirin yau.

Kun san yadda idan ka shiga Gmail, sai ka buɗe YouTube ka tarar kana ciki, ba a sake tambayarka kalmar sirri ba? To wannan shi ake kira SSO, wato shiga sau ɗaya. Yau zan yi bayanin yadda za ka girka irin wannan da kanka. Amma tun farko ka sani, girkawar ba ta da wahala. Tsaron sabar shi ne aikin.

Na taɓa yi wa wata ƙaramar ƙungiya wannan aiki. Shafuka uku gare su: na rajista, na karatu, da na ma'aikata. Kowanne da kalmar sirrinsa, kullum sai wani ya kira ya ce ya manta. Sai na ɗauko Keycloak. Manhaja ce kyauta wadda kowa zai iya duba lambobinta, kamfanin Red Hat ne ya faro ta, kuma a 2023 ta koma ƙarƙashin gidauniyar CNCF.

Ga yadda take aiki. Mutum ya zo shafinka, sai shafin ya tura shi wurin Keycloak. A can zai rubuta sunansa da kalmar sirri. Idan daidai ne, sai a dawo da shi ɗauke da wata lamba ta wucin gadi, shafin kuma ya kai lambar ga Keycloak ya karɓo tikitin shaida. Idan ya je shafi na biyu, Keycloak ta riga ta gane burauzarsa, sai kawai ya wuce. Kun ga ke nan shafukan ba sa ganin kalmar sirrin ko kaɗan. Ƙa'idar da ake bi sunanta OpenID Connect, an gina ta a kan OAuth 2.0. Akwai kuma SAML, wadda ta girme ta.

Abu na farko, masauki. Hostin ɗin nan mai araha da ake raba wa mutane da yawa, wanda muke ɗora WordPress a kai, galibi ba zai ɗauki Keycloak ba, domin da Java take aiki kuma tana buƙatar ta zauna a kunne dare da rana. VPS za ka kama. Ni dai ba na ɗora ta a kan abin da bai kai gigabait 2 na RAM ba.

Na biyu, rumbun bayanai. A nan ne na sha wuya. Keycloak tana da umarni biyu na tayarwa: start-dev na gwaji, da start na aikin gaske. Saboda gaggawa na tayar da na gwajin a cikin kwantenar Docker, na ga komai na tafiya, na bar shi haka. Ashe a wannan yanayi bayanan suna cikin kwantenar ne. Ranar da na goge ta don in sabunta manhajar, duk asusun mutane ya tafi. Wallahi kwana na yi ina sake shigar da sunaye, da safe kuma ina ta ba mutane haƙuri. Don haka tun ranar farko ka haɗa ta da PostgreSQL, ka kuma yi amfani da start.

Na uku, adireshi da HTTPS. Ka ware mata ƙaramin domen nata, ka sa Nginx a gaba yana karɓar baƙi yana miƙa su ga Keycloak a ƙofa mai lamba 8080, ita kuma ƙofar ka rufe ta daga waje. Satifiket kyauta ne a Let's Encrypt, yana ƙarewa bayan kwana 90, don haka ka saita Certbot ya riƙa sabunta shi da kansa. Kar ka manta ka gaya wa Keycloak ainihin adireshinta da kuma cewa tana bayan Nginx, in ba haka ba za ta riƙa tura mutane adireshin da ba ya buɗewa.

Na huɗu, saitin ciki. Akwai abin da Keycloak ke kira realm, ni unguwa nake ce masa. Ta farko da za ka tarar sunanta master, ta shugaba ce kawai. Ka buɗe sabuwa domin mutanenka, sannan ka yi wa kowane shafi rajista a ciki, ka rubuta cikakken adireshin da za a dawo da mutum bayan ya shiga. Wasu saboda lalaci sukan sa alamar tauraro kawai, wato ko'ina ma an yarda. Wannan dama ce ka ba ɓarawo ya karkatar da lambar shigar wani zuwa shafinsa.

Yauwa, sai tsaro. A da idan an sace kalmar sirri ɗaya, shafi ɗaya aka shiga. Yanzu duka ne. Idan kuma sabar ta faɗi, babu mai iya shiga ko ɗaya. Saboda haka ka kunna kariyar da ke kulle asusu idan an yi ta cankar kalmar sirri, domin a kashe take zuwa. Ka tilasta wa masu kula da tsarin amfani da lambar tantancewa ta waya, irin ta FreeOTP ko Google Authenticator. Agogon sabar ya zama daidai, domin tikitin nan da lokaci yake aiki. Sannan kullum ka kwafi rumbun bayanan ka ajiye a wani wuri daban, kuma ka gwada dawo da shi ko sau ɗaya ne kafin ranar da za ka buƙace shi.

Idan shafi ɗaya kawai gare ka, gaskiya ba ka buƙatar wannan wahalar tukuna. Idan sun kai biyu ko uku, ka fara gwadawa a kwamfutarka kafin ka taɓa asusun mutane. Duk wanda ya maƙale ya turo tambayarsa, za mu taɓa ta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.