Hanyoyin Ƙafa A Duwatsu: Daga Kufena Zuwa Tuddan Ingila

Duk wanda ya tsaya a wuri mai tudu a Samaru ko Sabon Gari, ranar da babu hazo, ya dubi wajen Wusasa, zai hango Dutsen Kufena. Da yawanmu mun tashi muna ganinsa, amma ƙafarmu ba ta taɓa taka shi ba. In ka ce wa mutum ya zo ku je hawan dutse, sai ya tambaye ka me ka ajiye a can. To, a wannan watan za mu yi bayani ne a kan tafiyar ƙafa cikin duwatsu da tuddai, da kuma su hanyoyin da ake bi, domin in hanya ta ɓace, babu batun tafiya.

Bari mu fara da dutsen kansa. Duwatsun ƙasar Zazzau, irin su Kufena da Madarkaci da Tukur-Tukur, dutse ne mai tauri wanda masana ke kira giranit. Shi ne ake fasawa a sami tsakuwar gini da ta titi. Ruwa ba ya ratsa shi sai ta tsaga. Shi ya sa yake tsayawa shi kaɗai a tsakiyar fili, kansa a sanƙo, kuma da an yi ruwa sai falalensa ya yi santsi.

Akwai wani dutsen dabam, watau dutsen farar ƙasa, wanda ake yin siminti da shi. Duwatsun Zariya ba irinsa ba ne. Mai son ganinsa sai ya nufi Sakkwato, wajen Kalambaina, inda kamfanin siminti ya fara aiki a 1967, ko Ashaka ta Jihar Gombe, ko Malbaza a Jamhuriyar Nijar. Masana sun ce shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce teku ce ta rufe yankin Sakkwato. Ɓawon halittun ruwa ne ya yi ta taruwa a ƙarƙashinta har ya daskare ya zama dutse. Har yau in aka fasa dutsen Kalambaina akan ga siffar katantanwa da makamantanta a ciki. Gane shi ba wuya: ka ɗiga masa ruwan lemun tsami, za ka ga 'yar kumfa tana tashi. Dutsen Kufena kuwa ko gezau ba zai yi ba.

Ruwan sama yana cin dutsen farar ƙasa a hankali, yana nutsewa cikinsa, ya je ya ɓulɓulo a gindin tudu. Inda irin wannan dutse ya yi yawa, sau da yawa ƙasar takan zama tudu da gangare, tudu da gangare, ba hawa mai tsanani, kuma saman tudun yakan yi saurin tsanewa bayan ruwa. Irin wannan ƙasa ita masu yawon ƙafa suka fi so.

A Ingila akwai wani yanki mai suna Cotswold, duk tuddan farar ƙasa ne da makiyayar tumaki. Da wannan dutsen suke gina gidajensu da katangun gonakinsu. Akwai hanyar ƙafa da ta ratsa yankin, daga garin Chipping Campden zuwa birnin Bath, tsawonta mil 102, watau kilomita 164. A 2007 aka sa ta cikin jerin manyan hanyoyin ƙafa na ƙasar. Wasu sukan yi mako guda ko fiye suna binta, suna kwana a ƙauyuka, suna sayen abinci da abin sha. Ka ga mutanen ƙauye sun sami kasuwa ke nan har ƙofar gida.

Abin da zai ba manomi mamaki shi ne, wurare da yawa hanyar ta cikin gonakin mutane ta bi. Gonar ta mai ita ce, amma bin hanyar haƙƙin kowa ne. Tun 1949 doka ta umarci hukumomin yankuna su zana hanyoyin ƙafa a taswira, su ajiye. An kafa alamu, kibiya mai ruwan ɗorawa tana nuna hanyar mai ƙafa, shuɗiya kuma wadda mai doki da mai keke za su iya bi. Inda katanga ta tare, sai a sa 'yar ƙofa ko matakala. Hanyar da ta bi gefen gona, ba a yarda a nome ta ba. Wadda ta ratsa tsakiya, manomi yana iya sa mata garma, amma dole ya maido ta cikin kwana 14. Shi kuma mai wucewa ba shi da ikon kaucewa ya tattake shuka, ko ya bar ƙofar da ya buɗe dabbobi su fice.

Mai karatu zai ce ai mu ma muna da irin wannan. Gaskiya ne. Muna da turba tsakanin gona da gona, muna da burtali na shanu, muna da hanyar rafi da ta kasuwa. Bambancin shi ne yawancin namu ba a rubuce suke ba, suna cikin kan dattawa ne. Bana wannan ya ci kunya ɗaya, baɗi maƙwabcinsa ya ci ɗaya, kafin shekara biyar turba ta zama gona. In gari ya matso aka yanka filaye, sai a wayi gari an ja katanga a kan hanyar da kakanni suka bi. Rigimar manoma da makiyaya ma, sau nawa toshe burtali ne mafarinta?

A Kufena abin ya fi haka nauyi, domin wurin tarihi ne. Labarin da aka gada ya nuna sarakunan Zazzau sun zauna a Turunku da Kufena kafin birnin Zariya na yanzu ya zama mazauninsu. Marigayi Farfesa Abdullahi Smith yana cikin waɗanda suka yi rubutu a kan yadda gindin irin waɗannan duwatsu ya jawo mutanen da. A shekarun 1970 masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun bi sawun tsohuwar ganuwar Kufena, sun kuma tono wuraren narka tama a yammacin Samaru. Dutsen yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa da Hukumar Gidajen Tarihi ta Tarayya ke kula da su. Duk da haka masu fasa dutse sun daɗe suna cin jikinsa, gine-gine kuma suna ta matsowa. Gefen da aka fasa ba ya komawa, haka ma hanyar da ta bi ta wurin.

Wanda ke son zuwa daga Samaru ko Sabon Gari, sai ya nemi motar Ɗan Magaji, daga nan ya shiga Wusasa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, kuma da sassafe, kafin dutse ya ɗau zafi. Kada mutum ya tafi shi kaɗai. Ku fara gaida mai unguwa, ku tambayi lafiyar wurin, ku nemi ɗan gari ya yi muku ja-gora. A riƙe ruwan sha da sanda, a sa takalmi mai kama ƙasa, silifa ba na hawan dutse ba ne. Kada a zura hannu cikin tsaga saboda maciji da kunama, in kuma aka ji kukan zuma a canza hanya. Ban da cinna wa ciyawa wuta. In aka ga fasasshen kasko ko kashin maƙera, a bar shi inda yake, domin wurin da aka same shi ne ke gaya wa masu bincike labarinsa.

Akwai kuma aikin da ɗaliban ajin yaƙi da jahilci za su iya yi, ba sai an kashe ko kwabo ba. Ku zauna da dattawan ƙauyenku, su lissafa muku turbobi da burtaloli da sunayensu, inda kowace ta taso da inda ta nufa, da gonakin da ta ratsa. Ku rubuta, ku zana yadda kuka iya, ku auna faɗi da taku. Sa'an nan a yi kofe uku, ɗaya wurin dagaci, ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma, ɗaya kuma malamin aji ya adana.