Sanyin Gangara: Labarin Masu Tseren Keke a Dutsen Gavia

Yau za mu leƙa ƙasar Italiya ne, inda ake wani tseren keke mai suna Giro d'Italia, wanda aka fara tun shekarar 1909. Mako uku ake yi ana tseren, zango bayan zango, a ci tafiyar da ta haura kilomita 3,000. Wanda ke kan gaba shi ke sanya riga ruwan hoda, don kowa ya gane shi.

Ranar 5 ga watan Yuni na 1988, zango na 14 ya bi ta kan dutsen Gavia, mai tsayin fiye da mita 2,600, ya ƙare a garin Bormio. Kilomita 120 ne zangon. Da safe ruwan sama ake yi a ƙasa. Amma uwargida, ki sani duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6. Saboda haka ruwan da ke zuba a gindin dutse, can sama dusar ƙanƙara ce. Ga shi a lokacin wani ɓangare na hanyar ba kwalta, sai taɓo.

To, a ina haɗarin yake? Za ki zaci wajen hawa ne, ko? A'a. Mai hawa yana taka feda da ƙarfi, jikinsa na samar da zafi, har gumi yake yi. Wajen gangara ake shan wuya. Ƙafa ta huta, jiki ya daina samar da zafi, riga ta jiƙe sharkaf, ga iska na dukan ƙirji saboda gudu. Ki duba randarki: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta, in iska ta busar da shi, shi ke sanyaya na ciki. Haka jiƙaƙƙiyar riga ke yi wa ɗan Adam.

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya sauko ƙasa da 35, an shiga matsala. Mutum zai yi ta makyarkyata, yatsu su sandare, magana ta sarƙe, tunani ya rikice. Mai keke kuwa da yatsu yake kama birki, ga kwana, ga rami a gefen hanya.

Wani ɗan ƙasar Holan, Johan van der Velde, shi ya riga kowa kai wa ƙololuwa, sanye da riga mai gajeren hannu. Bai tsaya ƙara sutura ba, ya kama gangara. Bai yi nisa ba sanyi ya ci ƙarfinsa, dole ya tsaya neman ɗumi. Da ƙyar ya isa Bormio, kusan minti 47 bayan na farko.

Shi kuwa Andy Hampsten, ɗan Amurka, mutanensa sun yi abin da Hausawa ke cewa, tun ran gini ran zane. Da suka ji labarin yanayin, sai suka shiga kantuna suka sayo safar hannu masu kauri da hulunan ulu. 'Yan tserensu suka shafe jiki da wani maiƙo da ake samu daga gashin tumaki, kamar yadda kike shafa wa yara man kaɗanya da hunturu. Aka ajiye mutum a hanya da shayi mai zafi, wani kuma dab da ƙololuwa riƙe da busassun kaya. Duk da haka Hampsten ya ji jiki, amma bai sauka daga kekensa ba. Erik Breukink, wani ɗan Holan, ya riga shi shiga Bormio da daƙiƙa 7, sai dai Hampsten ne ya karɓe rigar ruwan hoda a ranar. Bai sake ta ba har ƙarshe, ya zama Ba'amurke na farko da ya ci wannan gasa.

Daga baya masu shirya tseren sun ƙara taka-tsantsan. A 2013 sun soke zangon da zai bi ta Gavia ɗungurungum saboda dusar ƙanƙara, a 2016 kuma hukumar tseren keke ta duniya ta kafa dokar da ta ba da damar gajarta zango ko soke shi in yanayi ya ɓaci.

Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma jiki duk ɗaya ne, kuma na ƙaramin yaro ya fi saurin yin sanyi. In ruwa ya doki yaronki a hanyar makaranta, ko maigida ya dawo kan babur a jiƙe, kada a zauna da kayan. A tuɓe su nan take, a goge jiki, a sa busassu, a rufe har kai, a ba da kunu ko shayi mai ɗumi. In kuwa kika ga makyarkyata ta tsaya amma jikin na nan da sanyi, ga magagi ko yawan barci, kada ki ce sauƙi ne ya samu. A garzaya asibiti.

Nan za mu dakata, sai mako mai zuwa. A huta lafiya.